Yini a Kurmi, Tsakanin 'Yan Ƙwarya da 'Yan Kanwa

Kasuwar Kurmi ba ta da wata ƙofa guda da za a nuna wa baƙo a ce ta nan ake shiga. Ko ta wajen Jakara ka ɓullo, ko ta ɓangaren babban masallacin Juma'a na cikin birni, sai dai ka ga lungu ya tsuke, rumfuna sun matso juna, kwanon rufi ya kusa haɗewa a sama. Hanci ne ke fara shaida maka ka iso. Ga ƙamshin citta da kanunfari, ga warin jima daga wajen dukawa, ga hayaƙin turaren wuta da wani ya barbaɗa a kasko don ya tsayar da masu wucewa. Mota ba ta shiga. Mai baro da ɗan dako ne ke ratsawa suna "hanya, hanya", kowa ya raɓe jikin rumfa har su wuce.

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi tarihi ya ba wa kafa wannan kasuwa. Nan ayarin Azbinawa ke sauke gishirin Bilma, nan fataken Gwanja ke kawo goro, nan Larabawan Turabulus da Gadamas ke sayen fata da baƙin yadin da aka rina a karofi. An sayar da bayi ma a nan, kuma bai kamata a ɓoye ba. Clapperton ya gan ta a 1824, Barth ya zo a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu. Yau manyan kuɗi sun koma wasu wuraren: atamfa da shadda suna Kantin Kwari, kayan masarufi suna Singa, hatsi yana Dawanau, robobi suna Ƙofar Wambai. Shi ya sa wasu ke cewa Kurmi ta tsufa, ta zama wurin kai baƙi su ɗauki hoto. Ni ban gan ta haka ba. Cikin abin da ya rage mata akwai kayan madafi da na tsakar gida, kuma masu sayar da su sun san aikin kowane ɗaya. A kantin zamani za a miƙo maka kaya a kwali ka biya ka tafi. A nan kuwa in ka sayi abu, ka ɗan tsaya ka yi tambaya, da bayanin yadda ake sarrafa shi za ka koma gida.

Layin 'yan ƙwarya ya fi ko'ina riƙe ni. An jera su tun daga masaki, wanda yaro zai iya zama a ciki, zuwa ƙwaryar fura, zuwa ƙoƙo, ga ludaya an ɗaure su dami-dami an rataye. Duk daga duma suka fito, amma ba kowace ce ta ƙosa kafin a yanke ta ba. Wani dattijo da na tsaya a rumfarsa ya ga ina jujjuya wata mai kyan zane, sai ya karɓe ta daga hannuna ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa.

"Hajiya, ta ado kike so ko ta aiki?"

Na ce, "Ta dama fura, Baba."

Ya ajiye ta, ya zaro wata daga ƙasan jeri, ba zane ko ɗaya a jikinta, ya sake ƙwanƙwasawa. Amon ya bambanta. Ta farko sautinta sakayau, ta biyu kuwa ya fito a cike. Ya nuna mini kaurin bakinta, sannan ya ɗaga ta sama wajen haske don in ga babu hudar ƙwaro. Daga nan ya shiga bayanin abin da mata da yawa na yanzu ba su sani ba: sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, in aka zuba nono a cikinta haka nan an yi asararsa. Sai an kankare cikinta, a jiƙa ta da ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfaffen gero da shi, ko ruwan dusa, ana sauyawa har ɗacin ya fita. Bayan an wanke ta kuma a kife ta a inuwa, don rana mai zafi ita ke tsaga ta. In ma ta tsage ba a yarwa. Gyartai na nan, zai huda gefe da gefe da basilla ya ɗinke ta, ta koma awon hatsi ko bakace. Hatta wadda ta fashe gaba ɗaya tana da sauran amfani, domin daga ɓallinta ake fitar da mara, abar kwasar tuwo. A tsoma mara a ruwa, a yanko tuwo, a juya shi a cikin ƙoƙo, malmala ta fito sumul.

Kusa da su masu akushi suke, baƙi wuluk, an sassaƙa an ƙona an shafe da mai. Hausawa na cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, kuma wanda ya ɗaga akushi ya ji nauyinsa ya san dalili. Tuwon da aka kwashe a akushi aka rufe da faifai yana daɗewa da ɗuminsa, kuma ba ya jiƙewa, saboda icen akushin da kabar faifan suna shanye gumin. Ina jin takaicin yadda muka koma ƙunshe tuwo mai zafi a leda, mu jera a kula. Yana riƙe zafi, gaskiya ne, amma a buɗe shi bayan awa biyu a ga yadda bayansa ya yi laɓe-laɓe da ruwa, ga kuma tarin ledar da za ta ƙare a kwata. A rumfa ɗaya za ka sami muciya, da maburgi, da koshiya. Muciya ta gari ita ce wadda ba ta da gaɓa ko tsaga inda gari zai maƙale ya yi tsami. Mai sayarwar, wani matashi, ya ce yawancin amaren da ke kukan tuwonsu yana gudaji ba laifin muciya ba ne, gaggawa ce: ba sa barin talge ya nuna kafin su zuba gari, kuma ba sa rufe tukunya tuwon ya sulala bayan tuƙi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Turmi kuwa a tambayi na ƙirya. Icen yana da nauyi da tauri, gara ba ta cika kama shi ba, kuma turmi ɗaya kan yi wa uwa aiki ya kai ga 'yarta. Sai dai ƙiryar tana ƙaranci a daji, don gawayinta maƙera ke so, masu gawayin sayarwa ma ita suke bi, saboda haka na gaske ya yi tsada. Sabon turmi ana fara daka dusa a cikinsa ta kwashe garin ice, kuma ba a barinsa a tsakar gida ruwa ya doke shi rana ta gasa shi. Injin markaɗe ya sauƙaƙa mana rayuwa, ba mai musu, amma ranar da aka ɗauke wuta ƙaramin turmin jajjage ne ke fitar da uwargida kunya. Attaruhu da albasar da aka jajjaga ma ba ɗaya suke a miya da waɗanda inji ya mayar ruwa ba.

In ka karya kwana ka shiga wajen masu kayan yaji, launi ne ke sauyawa. Buhuna a buɗe, an naɗe bakinsu: barkono ja, citta mai yatsu wadda akasarinta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachiya da Kwoi da Kafanchan, masoro, kimba, fasaƙwari, gyaɗar ƙamshi, tsamiya a cure, busasshiyar kuɓewa a yanke. Kanunfari baƙo ne, daga ƙetare ake kawo shi, Zanzibar na cikin wuraren da suka yi suna da nomansa, amma ya zauna a kununmu da zoɓonmu har ba mai tuna haka. Shawarar da kusan kowane mai rumfa zai ba ka ita ce ka sayi kayan yaji da ɗanyen jikinsu, ka kai gida ka daka da kanka. Garin da aka riga aka niƙa ƙamshinsa yana gudu, kuma ba ka san abin da aka ƙara masa don ya yi auki ba.

Kanwa tana nan tsibi-tsibi, fara da ja da ungurnu, daga yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga ta Nijar. Da wuya a sami madafin Bahaushiya babu ita. Ita ke sa wake ya nuna da wuri a rage cin itace, ita ke kashe tsamin yakuwa da na ƙullun waina in ya wuce wuri, ita ke ƙara wa kuɓewa yauƙi, kuma ɗanwake ba ya haɗuwa sai da ruwanta da kuka. Hanya mafi tsafta ita ce a jiƙa ta a kwalba, a bari yashin ya kwanta, a riƙa tsiyayar ruwan sama kaɗan-kaɗan. Jefa dunƙule a tukunya shi ke sa miya ta yi baƙi, ta yi bauri, ciki kuma ya ɗauka. Akwai wata magana da nake so kowace uwa da kowace kaka ta ji. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Kula da mai jego al'ada ce mai kyau, ina alfahari da ita, amma a sassauta hannu wajen kanwar, wadda kuma take da hawan jini ko kumburin ƙafa a nemi shawarar asibiti kafin a ba ta.

Daddawa ba ta buƙatar talla, daga nesa take sallama. Daga kalwa ake yin ta, wato ƙwayar ɗorawa: a dafa ta dogon lokaci, a surfe ɓawon, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a yi mata fadi-fadi a shanya. Akwai ta batso da ake yi da gurguzu, akwai kuma ta waken suya da ta yawaita yanzu saboda kalwa ta yi tsada. Wata tsohuwa da ke zaune da faifanta a bakin lungu ta ɓantaro mini kaɗan ta ce in shinshina, in kuma duba cikinta, ta gari baƙa ce har ciki kuma a bushe take. Da na ce mata yaran yanzu suna gudun warinta, sai ta ce ai ba a dafa ta ne yadda ya kamata. Daddawa da wuri ake sa ta, a daka ta da barkono da albasa, ta tafasa da ruwan miya da ƙashi ko busasshen kifi har warin ya tafi ya bar ɗanɗano. In miyar kuka ce, sai a rage wuta, a riƙa barbaɗa kukar da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗayan, kada a rufe tukunyar. A ƙarshe a soya man shanu da albasa a zuba a kai. Kukar ma a zaɓi koriya shar, alamar a inuwa aka shanya ganyen. Wadda ta yi fari-fari rana ta cinye ta, ko kuma ta kwana biyu. Ban ce a jefar da dunƙulen Maggi ba, kowa na amfani da shi, amma miyar da aka ba daddawa haƙƙinta guda ɗaya ya ishe ta maimakon biyar.

Barkono ma yana da amfani a ajiyar wake. Iyayenmu suna cakuɗa shi da toka ko busasshen barkono don ƙwari. Abin da ya fi inganci ga mai ajiyar gida shi ne a shanya waken ya bushe ƙayau, a cika jarka mai tsafta har wuya, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki numfashi zai ƙare musu su mutu. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, da wannan hikimar yake aiki. Abin da ba shi da uzuri shi ne zuba fiya-fiya a cikin abin da mutane za su ci. Guba ce, kuma wanki ba ya ba da tabbacin ta fita.

A gefen kasuwa na tarar da tukwanen ƙasa: randa, tulu, kaskon turare, tandar waina, madambaci mai huji-huji a gindi. Sabuwar tukunya ana fara dafa ruwan dusa ko kunu a cikinta ya toshe ƙananan ƙofofinta kafin ta shiga aiki. Randa kuwa ba a so ta toshe gaba ɗaya, domin wannan ɗan tsattsafin da take yi a jikinta, iska na busar da shi, shi ne sirrin sanyin ruwanta. Da wannan ilimin wani malamin makaranta daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tumatir da tattasai da yalo da kan lalace cikin 'yan kwanaki sai su kai makonni. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Abin mamaki, gidaje nawa ne a birni suke da firij da ba wutar da za ta riƙe shi, kayan miya na ruɓewa a ciki, alhali tukwane biyu da yashi sun isa? Dabarar ta fi ci a lokacin rani da hunturu, in iska ta bushe. Da damina ƙarfinta yana raguwa.

Duk wannan zagayen, tunanin kyauta ne ke raina. Mu mutane ne masu tsaraba. Ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana, ba a zuwa barka ko suna ko ganin ɗaki haka nan. Amma a 'yan shekarun nan kyautarmu ta koma abin da za a gani a yaba, ba abin da za a mora ba. A shiga ɗakin amarya a ga jere har rufi. Dā fanteka da kumbo da samira ne, yanzu tangaran da kuloli saiti-saiti, rabinsu ba za a taɓa zuba musu abinci ba har a yi mata ƙanwa. Uwa ta ci bashi, uba ya sayar da gona, amarya kuma ranar girkinta na farko ta aika maƙwabta aron maburgi. Da za a ji tawa, cikin kayan kowace amarya a sa ƙaramin turmi da taɓarya, da muciya, da rariya, da faifai biyu, da gwangwanayen da aka cika da dakakken yaji da kuka da kuɓewa da daddawa, kowanne da murfinsa. Gwaggo ko inna da ba ta da kuɗin saiti za ta iya ɗaukar nauyin wannan, kuma ita za a riƙa tunawa kullum aka ɗora tukunya.

Gara ma asalinta taimako ne, a kai wa sabon gida abin da zai ci kafin ya tsaya da ƙafarsa: shinkafa, gero, man shanu, man gyaɗa, da kayan zaƙi irin su alkaki da nakiya da dubulan. Nakiyar da aka yi da kyau, da shinkafa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi, tana wata da watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ta dace da kyauta. Inda abin ya ɓaci shi ne da ta zama gasa, har ana goranta wa yarinya a gidan miji don buhunan da aka kawo ba su kai na kishiya ko na faccala ba. Wannan ba zumunci ba ne, kuma malamai sun sha faɗa cewa ciyarwa a wuyan miji take.

Ga mai jego, yajin da aka daka da citta da kimba da masoro da daddawa, da ƙwaryar gero, da sabulun salo, sun fi rigar jariri ta goma sha da za ta matse shi kafin arba'in. Ga tsoho, buta da tabarma da mafici, ko tum-tum na fata daga wajen dukawa ya jingina, ko takalmi mai taushi. Jar fatar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da ake jima a nan ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun 'yan kasuwar Maroko har suka laƙaba mata sunan Maroko. Ga tsohuwa, turaren wuta da ɗan tandun kwalli da dabino. Yara mata kuwa har yanzu ana sassaƙa musu 'yan turame da 'yan tukwane na wasa, kuma yarinyar da ta yi tuwon ƙasa da su hannunta ya fara sanin hanya. Ba dole kyauta ta yi tsada ba. A lura da abin da gidan ya rasa, shi ne aikin.

Ciniki a Kurmi da sauƙi in ka san kan abin. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi kasuwa. In ka taya aka ce "albarka", ka ƙara kaɗan, in an ce "na sallama" to magana ta ƙare, ba a janyewa. Abin da ba na so shi ne mutum ya biya kuɗin roba a babban kanti ko tari bai yi ba, ya zo nan ya matse dattijon da ya wuni yana sassaƙa akushi har sai ya sayar a faɗuwa. Masu wannan sana'a suna raguwa, da yawansu furfura ta cika musu kai, kuma sun ce kasuwarsu ta fi motsi ne in za a yi kamu ko ranar shigar gargajiya a makarantu, a sayi ƙwarya a yi hoto a jefa ta bayan ɗaki. Kasuwar kanta tana buƙatar gyara. Da damina lungunan kan cika da taɓo, magudanun sun toshe, wasu rumfunan ƙasa sun zube.

Wanda zai je ya tafi da hantsi, kafin rana ta take, ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi, ya kuma tuna ranar Juma'a ana rufe rumfuna da yawa in lokacin masallaci ya gabato. In yunwa ta taso, Jakara na nan kusa, unguwar da ta yi suna da gurasa. A yayyafa mata ruwa, a barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, bandashe ya haɗu. Mai son kilishin tsaraba ya nufi Agadasawa. Ƙoren da aka saya kuma a jera su ƙarama cikin babba, a sa tsumma tsakaninsu, a riƙe su a cinya in an shiga mota, kada a bari ɗan kamasho ya tura su but ƙarƙashin buhu. Daddawa a ƙulle ta a gwangwani mai murfi, nesa da turare da atamfa.